Daren da muka kwana a bakin ruwan Tiga, da ƙaryar da na yi wa Umma

1/
Wata huɗu ina riƙe da labarin nan, ko hoto ɗaya ban saka ba. Yanzu dai Umma ta san komai, babu sauran abin ɓoyewa. Labarin yadda mu biyar muka je muka kwana a bakin ruwan Tiga, ba ɗaki ba tanti, muka kusa dawowa mu huɗu. Zare ne, ku gyara zama 🧵

2/
Ni ɗan Gama ne. Eh, Gamar da kuka sani tun zaɓen 2019, kar wanda ya fara 😅 Ƙaramar hukumarmu Nassarawa, amma kar sunan ya ruɗe ka ka ɗauka GRA ce. A layinmu ruwa a kura yake zuwa, jarka-jarka. Babban ruwan da na sani tun tasowata shi ne wanda ke cika kwata da damina.

3/
Asalin shirin ba Tiga ba ne. Hotunan Tulo-Tulowa muka gani a TikTok, can Yusufari a jihar Yobe: tuddan rairayi, dabino da goruba, ga tafki a tsakiyar sahara. Muka ce wallahi da an gama jarrabawa sai mun kwana a wurin nan. Har guruf muka buɗe a WhatsApp, sunansa “Sai Sahara”.

4/
Sai aka zo lissafi. Kano zuwa Nguru, Nguru zuwa Gashuwa, Gashuwa zuwa Yusufari, daga nan kuma sai motar da ke iya shiga yashi, ga neman ɗan jagora. Da aka faɗi abin da kowa zai kawo, guruf ɗin mutum 14 ya koma mutum 4 kafin la'asar. Wasu ko sallama babu.

5/
Ba zan kama suna ba. Akwai Dogo, wanda danginsa ke Rano. Akwai Ustaz, mai ajiye mana kuɗi. Akwai Likita, wanda har yanzu ko allura bai taɓa yi wa kowa ba, amma tun aji ɗaya muke kiransa haka. Sai ni.

6/
Dogo ne ya ce, “Ku daina wahalar da kanku. Idan rani ya shigo ruwan Tiga ja da baya yake yi, ya bar fili a bakinsa, yashi fari tas. Ku rufe ido ɗaya, sahara ce.” Muka yi dariya, amma kowa ya san aljihunsa. Dubu goma-goma muka haɗa, aka tsayar da Asabar ta farkon Fabrairu.

7/
Matsalata ɗaya: Umma. Tun 30 ga Nuwamba 2021 da jirgin ruwa ya kife a dam ɗin Watari a Bagwai, yara 'yan Islamiyya masu tafiya Mauludi, fiye da rai 20, ta kafa doka a gidanmu: babu mai zuwa inda ruwa ya wuce gwiwa. Kwana uku ta yi tana kukan yaran da ba ta taɓa gani ba.

8/
Sai na ce mata ɗaurin auren yayan Dogo za mu je a Bichi, za mu kwana. Ta yi addu'a, ta kwance bakin zaninta ta ba ni dubu biyu wai in saka a gudummawa. Har yau idan na tuna kuɗin nan sai in ji wani abu ya tokare min ƙirji. Amma a ranar karɓa na yi, na ce an gode.

9/
Ashe Auta ya ji wayar da nake yi da Dogo a soro. Shekararsa 16. Da daddare ya same ni yana murmushi: “Yaya, ko dai ka tafi da ni Bichin nan mai ruwa, ko in tambayi Umma ko ta san Bichi tana da dam.” Ka ga cin hanci a gida ɗaya. Haka muka zama biyar.

10/
Kayanmu: tabarma biyu, tamfol ɗaya da muka aro wajen mai shagon layinmu, gidan sauro, bargo uku, risho, tukunya, buta, tocila, ashana, indomi, ƙwai, burodi, garin kwaki da ƙuli, jaka biyu ta fiya wata. Likita ya zo da sifika. Abin da babu wanda ya tuna: ko mutum ɗaya a cikinmu bai iya iyo ba.

11/
Daga Unguwa Uku muka hau mota, titin Zariya. Muka haye gadar Tamburawa, muka wuce Kura. Nan ka fara ganin abin mamaki: tsakiyar rani, ko'ina ya bushe, amma hagu da dama kore shar. Shinkafa, alkama, albasa. A Kwanar Gafan kwandunan tumatir jere har ido ya gaji.

12/
Direban ya ce duk wannan koren ruwan Tiga ne. Daga dam ɗin ake sakin sa ta manyan magudanai zuwa gonakin Kura, Bunkure da Garun Malam. Wato tumatirin da Umma ke saya a 'Yankaba, mai yiwuwa ruwan da ta hana mu zuwa ne ya raine shi.

13/
Muka bar titin Zariya muka bi ta Bagauda, muka wuce makarantar horar da lauyoyi. Wani dattijo a motar ya nuna gefe ya ce yana saurayi dam ɗin Bagauda ya ɓalle a 1988, ya ci gonaki da gidaje. Auta ya kalle ni, na kalli taga.

14/
Ga wanda bai sani ba: Tiga an gina ta ne daga 1971 zuwa 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, a kan Kogin Kano. Bangonta ya kusa kilomita 6. Idan ta cika, ruwan kan mamaye wajen murabba'in kilomita 178, yana ɗaukar kusan kubik mita biliyan 2. Na san waɗannan lambobin kafin mu je. Ba su shirya ni ba.

15/
Da muka hau tudu na hango shi, tsayawa kawai na yi. Hazo ya rufe ɗaya gaɓar, ba ka ganin inda ruwa ya ƙare sama ta fara. Ni da na tashi ina rigima da 'yan garuwa a kan jarka ɗaya. Auta ya ce, “Yaya, wannan jarka nawa ne?” Wallahi babu wanda ya yi dariya, kowa lissafin yake yi.

16/
Ba mu tsaya inda 'yan fikinik ke taruwa kusa da otal ɗin Rock Castle ba. Muka hau acaɓa zuwa wani ƙauye da ke gefen ruwan. Nan Dogo ya yi abin da ya fi komai amfani a tafiyar: ya ce sai mun fara gaida mai unguwa. Ni da na so mu wuce kawai, wai kar a hana mu.

17/
Mai unguwa ya kalli katin makarantarmu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, “To samari, kun zo daga birni ku kwana a ƙasa, mu kuma yaranmu na neman hanyar zuwa birni su kwana a katifa.” Ya sanar da 'yan sintiri, sannan ya haɗa mu da wani dattijo masunci, ya ce mu sauka kusa da inda yake ɗaure jirginsa.

18/
Baba muka riƙa kiransa. Siriri, ba ya yawan magana, hannunsa duk sawun zaren raga. Ya nuna mana wuri ƙarƙashin wata bishiya, nesa da ruwa kaɗan. Ya ce kar mu shimfiɗa a kan hanyar shanu, Fulani na kawo su sha da yamma. Ya ce mu kakkaɓe takalma da safe saboda kunama.

19/
Sannan ya ɗauki kara ya ja layi a yashi ya nuna wani kututture da ya leƙo daga ruwa. “Daga nan zuwa can, wasa. Daga kututturen nan zuwa gaba, ba ƙasa. Tsohon rafi ne a ƙarƙashi.” Muka ce to Baba. Irin “to” ɗin da ake ce wa malami idan ya ce a karanta babi na bakwai.

20/
Gaskiyar Dogo rabi ce. Yashi akwai, amma ba fari tas ba. Akwai kashin shanu, akwai laka a bakin ruwa, akwai ledojin waɗanda suka riga mu zuwa. Sai dai idan ka juya wa ƙauye baya, ka fuskanci ruwa, iska na kaɗa rairayi a ƙafarka, wallahi ba ka tuna Tulo-Tulowa.

21/
Muka ɗaure tamfol a reshe da igiyar shanya, iska ta cire shi sau uku. Risho ya ƙi kamawa saboda iskar, muka koma murhun duwatsu uku da ƙirare. Indomin da Likita ya dafa rabi yashi ne, kana tauna kana jin ƙaras-ƙaras. Ustaz ya ce mu ci da haƙuri, ai mu muka ce sahara muke so.

22/
Da yamma Baba ya dawo daga ruwa ya sayar mana da karfasa shida a farashin da ba zan faɗa ba, kar masu kifin Galadima su neme ni. Ya nuna mana yadda ake tsaga ta a barbaɗa gishiri da yaji a ɗora a garwashi. Ban taɓa cin kifi irin wannan ba. Ko mai babu.

23/
Magariba a bakin ruwa wani abu ne daban. Belbelu na wucewa layi-layi, shanu na komawa, rana ta zama ja kamar an soka mata wuta a cikin hazo. Ustaz ya ja mu salla a kan yashi. Babu janareta, babu hon ɗin adaidaita. Sai a lokacin na gane ban taɓa jin shiru ba a rayuwata.

24/
Dare ya yi, taurari suka fito kamar an watsa gero. Baba ya zo ya zauna a bakin wutarmu. Ya nuna tsakiyar ruwa da haɓa ya ce gonar mahaifinsa tana can ƙasa, da rijiyarsu, da kukar da suke wasa a gindinta. Yana yaro aka tashe su da za a tare ruwan.

25/
“Mahaifina manomi ne, bai taɓa hawa jirgi ba har ya rasu. Ni kuma a kan gonarsa nake jefa raga.” Haka kawai ya faɗa, ba da ɗaci ba, ya gyara itace a wuta. Mu da muka zo hutu, sai muka ji kamar mun shimfiɗa tabarma a tsakar gidan mutane.

26/
Likita, da ba ya iya shiru, ya ce ruwan nan idan an sake shi yana haɗuwa da na Challawa, ya bi ta Wudil, ya wuce Haɗejia, ya shiga fadamun Nguru, ya bi ta Gashuwa har Tafkin Chadi. Dogo ya ce, “Ka ga, ruwan ma ya fi mu kuɗin mota, shi yana zuwa Yobe.”

27/
Sanyin asuba kuwa, jama'a. Wanda ya ce maka ya san sanyi a cikin Kano, bai kwana a bakin ruwa da hunturu ba. Bargo uku, ƙarti biyar. Ƙarfe uku na dare duk girman kai ya ƙare, muka cure wuri ɗaya kamar 'yan tsaki. Auta ya saka ƙafarsa a cikin buhun burodi.

28/
Yanzu ga inda labarin ya daina zama abin dariya. Wajen ƙarfe goma rana ta ɗan yi zafi, muka shiga ruwa iya gwiwa, sai iya ƙugu. Ana watsa ruwa, ana hoto. Na fito in ɗauko wayata a jaka don in yi bidiyo. Ban fi minti biyu ba.

29/
Da na juyo, na ƙirga kai uku. Auta ya bi ƙwallon robar da iska ta tura wajen kututture. Abin da fim bai gaya muku ba: mai nutsewa ba ya ihu. Ba ya ɗaga hannu ya ce a taimaka. Kansa kawai nake gani a ɗage, baki na shiga ruwa yana fita, hannuwa na dukan ruwa a gefe. Shiru.

30/
Na zabura zan faɗa. Ustaz ya cafke ni ta baya ya kayar da ni a laka, yana cewa “Ba ka iya ba! Ba ka iya ba!” Na zage shi zagin da ban taɓa yi wa mutum ba. Yau na san da ya sake ni, gawa biyu za a kai Gama. Mai nutsewa duk abin da ya kama danna shi ƙasa yake yi.

31/
Baba yana gefe yana gyaran raga, ashe idonsa na kanmu tun da muka shiga. Ban ga lokacin da ya tura jirgi ba. Bai ma shiga ruwan ba. Ya miƙa doguwar gorar da yake tuƙi da ita, Auta ya kama, ya jawo shi jikin jirgi, ya damƙi wandonsa ya jefa shi ciki kamar tarwaɗa.

32/
A gaɓa Auta ya yi ta amai da tari, Likita ya kwantar da shi a gefe ɗaya, hannunsa na rawa. Ni ƙafafuna sun ƙi ɗauka ta. Abin da ke yawo a kaina ba ma mutuwar ba ce. Bichi ce. Cewa zan shiga gida in ce wa Umma ba Bichi muka je ba.

33/
Baba bai yi faɗa ba. Da ma ya yi. Ya kalle ni ya ce, “Kai ne babba?” Na ce eh. Ya ce, “Jiya na ja muku layi.” Ya koma kan ragarsa. Muka haɗa sauran kuɗinmu muka kai masa, ya ƙi karɓa. Ya ce mu kwashe ledojinmu kawai, shanu na ci suna mutuwa.

34/
A mota muka yi alkawari babu mai faɗa. Muka dawo gida, Umma ta ce ya amarya, na ce lafiya lau. Ta ce Auta ya yi baƙi, na ce rana ce a wajen ɗaurin aure. Na ɗauka an wuce wurin. Ashe ruwan bai gama da mu ba.

35/
Bayan kusan wata uku Auta ya same ni a ɗaki, ido ya raina fata: jini yake gani a ƙarshen fitsarinsa. Sati biyu yana ɓoyewa. Wannan ba abin da za a rufe ba ne, dole Umma ta ji. Mu uku muka tafi asibiti.

36/
Aka yi gwajin fitsari. Ma'aikaciyar ta dubi takarda ta ce, “Tsargiya ce. Yaro, ka shiga ruwan dam ko kududdufi kwanan baya?” Auta ya kalle ni. Umma ta bi idonsa ta kalle ni. Ban taɓa jin ɗaki ya yi min ƙanƙanta irin na ranar ba.

37/
Don ku sani: tsargiya ba sai ka sha ruwan ba. Ƙwayar cutar tana girma a jikin ƙananan katantanwa da ke ruwa mai kwanciya, ta fito ta huda fata ta shiga jini, ba ka ji ba ka gani. Sai bayan makonni alama ta fito. Idan aka bar ta shekaru tana lalata mafitsara da ƙoda.

38/
Maganinta praziquantel, ana auna nauyin mutum kafin a ba shi, don haka a je asibiti, kar a saya a ka. Mu huɗun ma sai da muka je gwaji, Dogo ma an samu. Wanda ya tashi a ƙauyen bakin ruwa ya ce maka fitsarin jini alamar balaga ce, ba haka ba ne, cuta ce kuma tana warkewa.

39/
A gida na faɗa wa Umma komai, har da kututture, har da gorar Baba. Na shirya wa faɗa, na shirya wa mari ma duk da gemuna. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Sannan ta ce, “Da ya tafi, Bichi za mu je nema.”

40/
Ta ce, “Ni ba ruwan ne ya fi ƙona min rai ba. Na kwana ina muku addu'ar hanyar Bichi, kuna wata hanyar.” Kwana tara ba ta amsa gaisuwata da fiye da “lafiya” ba. Dubu biyunta na mayar mata, ta ce in riƙe, ba ita zan biya ba.

41/
Satin da ya wuce ta kira ni ta ba ni leda: shadda yadi biyar, goro da sukari. Ta ce in kai wa mutumin da ya ciro mata ɗa, in ce masa uwar yaron ta gode. “Wannan karon na san inda za ka. Ka kira ni idan ka isa, ka kira ni idan ka taso. Kuma ko alwala kar ka yi a ruwan nan.”

42/
Na je ranar Asabar, ni da Ustaz. Baba ya karɓi goron da sukari, shaddar sai da mai unguwa ya sa baki. Ya tambayi Auta. Ruwa ya ƙara ja baya sosai, kututturen nan yanzu a fili yake, kuma daga gindinsa ƙasa ta yanke tsaye kamar bakin rijiya. Na daɗe ina kallon wurin.

43/
Masu tambaya ko a je: a je mana, wuri ne mai kyau, kuma namu ne. Amma:
• a gida a san ainihin inda kake
• a fara gaida mai unguwa
• abin da masunta suka ce, shi ne doka
• ba ka iya iyo ba, tsaya a yashi
• jirgi ba rigar ruwa, kar ka hau
• a tafi da ruwan sha da na wanka
• bargo ɗaya, mutum ɗaya

44/
Kuma idan wani ya faɗa, kar ka bi shi sai in an koya maka ceto. Miƙa masa sanda, igiya, ko jefa masa jarka marar komai a rufe, tana iyo. Abin haushi, mu 'yan Gama da jarka ta fi komai yawa a rayuwarmu, ko ɗaya ba mu tafi da ita ba.

45/
Auta ya warke, har ya fara cika baki wai shi kaɗai ne a gidanmu ya san zurfin Tiga. Guruf ɗin “Sai Sahara” yana nan, mun fara adashi saboda Tulo-Tulowa. Na riga na faɗa wa Umma. Ta ce za ta yi tunani, wanda a yarenta yana nufin sai na kawo mata sakamakon jarrabawa tukuna.

46/
Wanda ya san inda ake koyar da iyo a cikin Kano da kuɗin da ɗalibi zai iya, ya ajiye min a ƙasa, mu biyar ne. Hotuna na tafe, banda na indomin Likita, wannan ya roƙe ni. Ustaz, na san kana karantawa: zagin nan na bakin ruwa, ka yafe min.